Likkafanin Inna

Ina cikin aji ina rubuta wa yara lissafi a allo aka ce wani direba yana nemana a ƙofar makaranta. Kamilu ne, mai tsohuwar Fijo da ke jigila tsakanin Dutse da Jahun. Tun daga nesa na ga ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

"Malama Radiyya, daga gida aka aiko har tasha. Jikin Inna ne ya ɗan matsa. Kawunki Malam Talha ya ce ki zo yanzu." Ya dubi ƙasa. "Ya ce kuma ki taho da ajiyar da ta ba ki."

"Kamilu, ajiya ɗaya Inna ta ba ni, kuma mai rai ba ya buƙatar ta. Yaushe ta cika?"

"Da asuba. Sai haƙuri, Malama."

Ban yi kuka ba. Yara na leƙe ta taga, ni kuwa ba a ganin hawayena a bainar jama'a. Na ajiye alli a kan dakali, na nufi ɗakin da nake haya.

Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, ta kuma san ba za ta je ba. Mai suyar ƙuli-ƙuli ce a Kafin Albarka, wani ɗan ƙauye a bayan Aujara. Da man gyaɗa da ƙuli ta riƙe ni a makaranta bayan rasuwar mahaifina, mutanen gari suna cewa ta ɓata 'ya, ita tana juya tunkuza kamar ba da ita ake ba. Abu ɗaya ta taɓa yi wa kanta. Ta sayi farin alawayyo, ta ba wata maƙwabciyarmu da za ta aikin hajji, ta roƙe ta ta tsoma shi a ruwan Zamzam ta shanya shi a can. Ranar da ƙyallen ya dawo, Inna ta rungume shi tana dariya da hawaye.

"Ƙafata ba ta je ba, amma likkafanina ya je," in ji ta. "Da shi zan kwanta."

Ya daɗe a adudunta, har wata damina gara ta shiga ɗakin ta ci gindin adudun. Inna ta tsorata. Da na sami aikin koyarwa a Dutse, ta naɗe shi ta sa mini a hannu. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kama sunana, sai dai ta ce Malama.

"Malama, ke ɗakinki na siminti ne, rufin kwano. Gara ba ta san hanyarsa ba. Ki ajiye mini. Ran da aka ce ki kawo, ki kawo da hannunki."

Duk wanda ya ji ya ce dabara ta yi. Ni ma haka na ce. Babu wanda ya tuna cewa a damina ma ana mutuwa.

A ɗakina na ciro likkafanin daga ƙasan akwati, yana ƙanshin kafur. Na sa shi a leda, na ƙara wata ledar a kai, na ƙulle baki, na naɗe da zane. Ko kayan sawa ban ɗauka ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, kowa na taka-tsantsan da idon kowa. A tasha aka nuna mini kujerar can baya, ta mata. Ni kaɗai ce mace, sai buhun barkono a gefena. Mota ta ƙi cika. Ina zaune ina kallon gabas ta gilashi, sama tana yin baƙi daga ƙasa kamar gindin tukunya.

"Kamilu, mu tafi mana!"

"Saura mutum ɗaya, Malama."

Wani tsoho a kujerar tsakiya, da kwandon kaji a cinya, ya waiwayo yana tauna goro. "'Yar boko, jarrabawa za ki rubuta a Jahun ne kike azalzalar direba? Ku komai naku da agogo."

"Gawa ke jirana, Baba."

Ya daina taunar. "Innalillahi. Ki yafe mini, 'yata." Sai ya leƙa ta taga ya daka wa Kamilu tsawa. "Kai direba, kajin nan nawa ba fasinja ba ne? Ta da mota!"

Mun wuce Kiyawa da kaɗan iska ta taso. Gero ya kwanta a gonaki gaba ɗaya, kamar an bi ta kansa da tabarma. Na ga fallen kwano yana yawo a sama, ya faɗa cikin wata gona. Daga nan ruwa ya sauko, ba ɗigo-ɗigo ba, kamar an kifar da randa. Abin share gilashin motar guda ɗaya ne ke aiki, shi ma da ƙyar. Kamilu ya manna fuska a gilashi yana tafiya kamar mai jan amalanke, har ya haƙura ya gangara gefen titi ya kashe inji.

"Ba na ganin ko bakin motar. In na ci gaba, gawarwaki za a ƙara."

Babu wanda ya musa. Ruwa na zubowa ta gefen ƙofa, ta rufi, ta ko'ina. Na tura ƙunshin cikin hijabina, na duƙa a kansa. Tsawa ta faɗi kusa, kaji suka rikice, maza suka ɗauki salati.

Ni ban san tsawon zaman da muka yi ba. Abin da na sani, rana tana tafiya a bayan gajimaren nan ko da ba a ganin ta, kuma a garinmu ba a kwana da gawa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar ya yi kwanciyarsa. Kawu Talha malami ne, almajiran ilimi na zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, ba zai yarda a ce a gidansa aka jinkirta jana'iza ba. Ya aiko ne don kowa ya san wasiyyar Inna. Amma haƙurinsa yana da iyaka, kuma na san iyakar ba ta da nisa.

Kamilu ya hango fuskata ta madubi. "Malama, ki kwantar da hankali. Ruwan da ya tsare mu ya tsare su. Wa zai haƙa kabari a cikin wannan?"

Na riƙe maganar nan tasa kamar igiyar guga. Har na koma ina roƙon Allah kada ruwan ya ɗauke a can sai ya ɗauke a nan.

Da ya tsagaita, mota ta ƙi tashi. Ruwa ya shiga inji. Kamilu ya buɗe gaba yana goge-goge da gefen rigarsa, sannan ya ce a tura. Maza suka fita. Na ɗaure ƙunshin a ƙirji da zane kamar goyo, na fita ni ma na dafa bayan motar.

"A'a, Malama, koma ciki! Mace da turin mota?"

"Hannu biyu gare ni kamar ku. Ku tura."

Muka tura. Ta yi tari, ta mutu. Muka sake. Sai a gangara ta kama. Ba mu yi nisa ba muka tarar da layin motoci: wata ƙatuwar darbejiya ta faɗi ta gicciye titi, gefe da gefe kuma ruwa ne kwance. Mutanen ƙauyen wurin sun fito da gatura suna sara. Na tsaya a bakin titi ina kallon kowane sara. Itacen ɗanye ne, gatari yana shiga yana maƙalewa. A wurin muka ji kiran sallar azahar daga wani masallaci a cikin gonaki. Tsohon mai kaji ya miƙo mini ɓarin goro. Na karɓa don kada in kunyata shi, ban ci ba.

A Jahun ruwa ya mamaye tasha, 'yan kasuwa na kwashe rumfunan da iska ta yaye. Kamilu ya zaga da ni yana tambaya, har ya sami wata akori-kura da za ta kai taki Aujara. Gaba ya cika da maza. Na hau baya na zauna a kan buhuna.

"Allah ya sa ki tarar, Malama," in ji Kamilu. "Allah ya jiƙan Inna. Na ci ƙulinta ba sau ɗaya ba."

A Aujara 'yan acaɓa suna fake a ƙarƙashin wata rumfa. Na faɗi inda za ni. Suka dubi juna.

"Hajiya, kin ga yanzu ɗaukar mata sai a hankali," ɗaya ya fara.

Wani ya katse shi. "Bar wannan zancen. Ko namiji ne, hanyar Kafin Albarka ba ta biyuwa yau. Taɓo ne har gwiwa. Kuma kwari ya kawo."

Na juya na kama hanya da ƙafa. Taɓo ya cire mini takalmi ɗaya, na tsaya na cire ɗayan na bar masa. Hijabina ya jiƙe ya yi nauyi yana jan wuyana. Ƙaya ta shiga tafin ƙafata, ban tsaya cire ta ba. Hanyar nan na bi ina yarinya kullum zuwa firamare, na san kowace kuka da kowace tsamiya, amma ranar sai ta zama baƙuwa. Gonaki sun koma tafki, kan gero kawai ke leƙowa. Na wuce wani gida da katangarsa ta zube, mata na tsamo tukwane daga cikin laka. Ba su dube ni ba, ban gaishe su ba.

Tun kafin in ga kwarin na ji ƙugin sa.

Kwarin garinmu yashi ne da rani, a cikinsa muke wasan gaɗa. Ranar ya cika ya batse, ruwa ja wur, yana gudu da karan dawa da rassan itace da mushen akuya. A wancan tsallaken ina hango rufin gidajenmu. Ina hango ma ƙatuwar kukar da ke bakin maƙabarta, da mutane ƙanana-ƙanana a ƙarƙashinta suna duƙawa suna miƙewa. Haƙa suke yi.

A bakin ruwa akwai maza a zaune gindin wata tsamiya, masu jiran ruwa ya janye, yawancinsu samari. Baba Ɗanmusa yana tsaye a ruwa iya gwiwa, dogo, wandonsa a naɗe. Shi ke tsallakar da mutane duk damina tun ina ƙarama. Akwai wani tudun tsakuwa da ya ratsa kwarin a ƙarƙashin ruwa, siriri, shi kaɗai ya san karkatarsa da tafin ƙafa. Yakan riƙe hannun mutum gam, ya manna shi a bayansa, inda ya ɗaga ƙafa nan za ka sa taka.

"Radiyya! Sannu, 'yar nan. Ya haƙuri? Tun hantsi ake aikowa ko kin iso."

"Ba a kai ta ba, Baba?"

"Ba a kai ta ba. Amma ruwan nan ƙaruwa yake, na tudu bai gama saukowa ba. Shiga ɗaya ta rage mini yau. Kawo ajiyar in kai musu, ke ki jira ya janye."

"Uwata ce kwance a can. Da hannuna ta ce in kawo. Tare za mu tsallaka."

Ya dube ni, ya waiwaya ya dubi mutanen gindin tsamiya. Sai ya fito ya ɗauko wata doguwar gora a jingine, ya miƙo mini ƙarshenta.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Ki kama nan, ni in kama can."

"Hannunka za ka ba ni."

Ya rage murya. "'Yar nan, ran Juma'a a ƙofar masallaci aka tsayar da ni, gaban yaran da na haifa. Aka ce ina riƙe hannun matan mutane da sunan tsallakarwa. Da furfurata. Na rantse ba zan ƙara ba."

"Baba Ɗanmusa, a wuyanka nake tsallake kwarin nan ina aji ɗaya. Ni ce fa. Ni na yarda, ka riƙe ni."

"Lokacin kina yarinya ne."

Daga gindin tsamiya wani saurayi ya ɗaga murya. "Malama, ba a koya muku wannan a boko ba? Ki kama sanda kamar kowace mace."

Na juya na dube shi sosai. "Kai da kake namiji, me ya zaunar da kai a tudu? Taso mu shiga tare, in riƙe maka hannu."

Aka fashe da dariya, ya sunkuyar da kai. Amma dariyar ba ta sauya komai ba. Gorar tana nan a miƙe, gabas kuma ta fara haɗa wani sabon baƙi.

Na kwance goyon, na ɗora ƙunshin a ka, na ɗaure shi da ɗankwali ta ƙarƙashin haɓa har sai da numfashi ya yi mini wuya. Baba Ɗanmusa shi ke gaba, shi zai fara faɗawa rami in akwai, don haka kaina ya fi aminci. Na kama gora da hannu biyu. Muka yi bisimilla.

Ruwan sanyi ne kamar ƙanƙara, yana wari. Ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ina jin tsakuwa a ƙarƙashin ƙafata, ina bin ta. Baba yana magana ba ya waiwaye: "Dama kaɗan. Ja ƙafa, kada ki ɗaga." Amma damarsa ba tawa ba ce. Tsakanina da shi akwai tsawon gora, inda ya karkata ni ban iso ba tukuna, ruwa kuma yana tura ni gefe kamar ƙyauren da iska ke buɗewa. A tsakiya ya kai mini ƙirji. Hijabi ya buɗe a ruwa ya zama tarko. Na ja ƙafar hagu, na ji tsakuwa. Na ja ta dama, ban ji komai ba.

Na nutse har kai.

Na sha ruwa, na ga ja, na ga duhu. Sai na ji an damƙi damtsena da ƙarfin da ya bar mini shaida har mako ya zagayo. Baba Ɗanmusa ya yar da gorar. Ya fizgo ni ya rungume a ƙirjinsa, ya ja ni yana haki har ƙafata ta taɓa ƙasa. Na kai hannu kaina. Ɗankwali yana wuyana. Ƙunshin babu.

Wannan karon na yi ihu.

Ya ajiye ni a gaɓa ya bi gefen ruwa da gudu, tsoho da shi. Can ƙasa ƙunshin ya maƙale a cikin wata sarƙaƙiya da ruwa ya kwantar. Ya shiga har wuya ya ciro shi, ƙaya ta tsattsage masa hannu. Ta tsattsage ledar ma. Da ya miƙo mini, ruwa ja yana tsiyaya daga gindinta.

Daga wancan tsallaken muka ji muryar saurayin nan. "Baba, ai ga shi ka riƙe ta!"

Baba Ɗanmusa ya juya. "Na riƙe! Je ka faɗa a masallaci! Ka ce da hannu biyu na riƙe!" Sannan ya durƙusa a laka ya rufe fuska. "Da tun farko na ba ki hannun nan, 'yar nan."

Ba ni da lokacin lallashin kowa. Na rungumi ƙunshin na ruga.

A ƙofar gida maza sun yi cincirindo, makara na jingine da bango. Suka dare mini. A cikin zaure na tarar da dattawa biyu zaune a tabarma da allura, suna ƙarasa ɗinkin wani farin ƙyalle. Sabon alawayyo ne, irin na kowa. Sun riga sun fid da rai da ni.

Kawu Talha ya miƙe, carbi a hannu. Ya dube ni tun daga ƙafa, ba takalmi, laka har gira.

"Kin iso. Alhamdulillahi. Kawo."

Na durƙusa na kwance zanen, na yage sauran ledar. Aka kama gefe aka warware.

Ba fari ba ne kuma. Jan ruwa ya bi kowane ninki ya zana shi, wani wurin ja, wani wurin baƙi-baƙi, da ɓurɓushin kashin shanu da ciyawa a manne. Wari ya tashi a zauren. Kwarin nan ta bayan garuruwa yake biyowa, ta turakun dabbobi, ranar kuma ya haɗa da ramukan masai da suka rufta. Kawu ya kai ƙyallen kusa da hanci, ya sauke a hankali.

"Radiyya, wannan ya ɗauki najasa. Ba a kai mamaci gaban Ubangijinsa da shi."

"Zan wanke, Kawu. Yanzun nan. A hura wuta in busar."

"Fita ki dubi gabas."

"Na gani. A cikinsa na taho."

"Kabari na farko ruwa ya cika shi, muka bar shi. Na biyu ne yanzu, samari na kwarfe shi da ƙwarya. In wancan hadarin ya sauko, sai gobe, gobe ma Allah kaɗai ya sani. Tun asuba take kwance. Kina so ta kwana ta canza a gaban idonmu?"

"Abu ɗaya ta roƙa a duniya, Kawu! Ɗaya! Ba ta roƙe ku hatsi ba, ba ta roƙe ku zane ba."

Ba a ɗaga wa Malam Talha murya a zaurensa, balle mace. Na jira tsawa. Sai na ga gemunsa yana rawa.

"Ƙanwata ce kafin ta zama uwarki," ya ce. "Na riƙe mutanen nan tun hantsi, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ba ƙyalle ke kai mutum Aljanna ba. Shiga ki yi mata addu'a."

Na tattara likkafanin na shiga cikin gida.

Mata sun cika tsakar gida, aka fara "ga Radiyya, ga Radiyya," wasu suka sake fashewa da kuka. Na wuce su. A ɗakin Inna, Gwaggo Lauratu ce zaune, tsohuwar da ke yi wa matan garinmu wankan ƙarshe. Ta riga ta gama. Inna na kwance a sabuwar tabarma, an lulluɓe ta da zanen saƙi. Rufin ɗakin yana ɗiga a kusurwa, an tara kwano.

Gwaggo ta yaye zanen daga fuskar. Inna ta ƙanƙance. Goshinta da sanyi. Hannunta har yanzu da tabon ƙunar mai.

"Na kawo, Inna," na ce. "Da hannuna."

Gwaggo ta dubi abin da ke hannuna, ba ta tambaya ba. Ta ji komai daga zaure.

"Ko da an ba ki lokaci kin wanke, 'yar nan," ta ce a hankali, "ruwan da zai fid da laka, me kuma zai fitar?"

Zamzam ɗin. Ban yi tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Na zauna daɓas a ƙasa.

Sai na fara bin ƙyallen ninki-ninki, ina jan shi ta cikin yatsuna kamar mai neman ƙwarƙwata. Ja, ja, baƙi, ja. Can a inda ya kasance tsakiyar naɗi na sami wani ɗan wuri, bai fi tafin hannuna ba. Fari ne, a bushe. Na shinshina. Kafur.

Na sa haƙori na ɓarke shi, na zagaye farin da yatsa na cire. Gwaggo ta dubi ƙofa, ta dube ni. Aka miƙo sabon likkafanin daga waje. Muka sa wa Inna, ni da ita. Kafin ta rufe ƙirjin, ta buɗe mini hanya da hannunta, na ajiye ɗan ƙyallen a kan zuciyar Inna. Ya yi ƙanƙanta ƙwarai a wurin. Mace ta yi shekaru a bakin kasko don ta kwanta a cikinsa tun daga kai har ƙafa, abin da na iya kawo mata ke nan.

Maza suka yi sallama suka shigo da makara. Suka ɗauke ta da sauri, kusan da gudu, don iska ta fara kaɗa zanan gida. Mata ba sa bin gawa. Na tsaya a bakin zaure ina kallon bayansu har suka sha kwana. A can ƙarshen ayarin na ga Baba Ɗanmusa, jiƙe, yana ɗingishi.

Ba su daɗe da tafiya ba ruwa ya sauko. Ban sani ba ko sun gama rufe ta a bushe. Da suka dawo ban tambaya ba, babu kuma wanda ya faɗa mini.

Mata suka rruga ɗakuna. Ni na ɗauki ragowar likkafanin na je ƙarƙashin indararon ɗakin Inna, inda ruwa ke zubowa da ƙarfi, na shimfiɗa shi a kan turmin da take dakan gyaɗa. Gwaggo tana kira daga ƙofa, "Radiyya, shigo, zazzaɓi zai kama ki!" Ban shiga ba. Na cuɗa, na matse, na sake cuɗawa. Jan ruwa yana fita yana bin rariya, yana ficewa waje ya koma inda ya fito. Na ci gaba har ruwan ya koma fari, har hannuwana suka mutu, har babu sauran wari, babu laka, babu kafur.

Na shanya shi a igiyar tsakar gida. Marka ta kama, har aka share makoki bai bushe ba. Yana nan rataye, da hujinsa a tsakiya, masu zuwa gaisuwa suna sunkuyawa su wuce ta ƙarƙashinsa.